Kafa Turke Kafin Lissafi: Jagorar Gusawa da Belositi a Miƙaƙƙen Layi

Duk shekara idan aka ba ni sababbin 'yan SS1 a makarantar da nake koyar da fiziks a Birnin Kebbi, kafin in taɓa alli sai in tambaya: wa ya taɓa jan ruwa a rijiya? Kusan duk ajin ke ɗaga hannu. Sai in ce to madalla, ga rijiya, daga bakinta zuwa ruwa mita 12. Ka zura guga ya taɓa ruwa, ka jawo shi ya dawo hannunka. Tafiyar mita nawa gugan ya yi? Su haɗa baki su ce 24. In ce daidai ne. To mita nawa ya gusa daga inda ya tashi? Nan kuma sai ka ji tsit, kowa na kallon na kusa da shi. Wata shekara wata yarinya a kujerar baya ta ce, "Malam, ai bai tahi ko'ina ba, ga shi nan ga hannuna." Amsar ke nan ta bayar ba ta sani ba. Sifiri.

Tambayoyi biyu ne, kuma a kansu duk wannan babi ya ginu. Ta farko tana neman nisan tafiya, wato tsawon duk hanyar da abu ya bi. Ta biyu tana neman abin da littafin aji ke kira disfilesmen, ni kuwa ina ce masa gusawa: ina abu ya tashi, ina ya ƙare, wace tazara ke tsakani, kuma ta wace fuska. Nisa lamba ce tsura, irin wadda ake kira sikela. Gusawa lamba ce mai alƙibla, wato bekta. Haka gudu da belositi suke, na farko tsura, na biyu mai alƙibla.

Na duba takardun gwaji da yawa, kuma abin da na lura shi ne ɗalibi bai cika faɗuwa don ya manta ƙa'ida ba. Yawanci ya haddace ta tsaf kamar karatun allo. Inda yake zamewa shi ne ya faɗa lissafi bai tsayar da wurin da ake fara awo ba, bai kuma yanke ina ne gaba ina ne baya ba. Da wannan za mu fara.

Mataki na ɗaya: ja layi, kafa turke, zaɓi gaba

Kowace tambaya aka ba ka, ko da ta yi maka kama da ruwan sha, fara da jan layi a gefen takarda. Layin shi ne hanyar. A kansa ka ɗiga wuri ɗaya ka rubuta 0. Wannan ɗigon nake kira turke, domin kamar akuyar da aka ɗaure, duk inda abu ya je daga nan ake auna shi. Daga nan ka zana kibiya ka ce wannan ɓangaren ne gaba. Duk abin da ya nufi can alamarsa ta tarawa ce, +, duk abin da ya nufi ɗaya ɓangaren alamarsa ta ɗebewa ce, −.

Kai ke da zaɓi. Kana iya cewa gabas ce gaba, kana iya cewa yamma ce. A rijiya kana iya ɗaukar sama, kana iya ɗaukar ƙasa. Sharaɗin ɗaya ne: abin da ka zaɓa a farkon tambaya shi za ka riƙe har ƙarshenta. A miƙaƙƙen layi fuska biyu kawai ake da su, shi ya sa alamar nan ƙarama ta wadatar wajen faɗin alƙibla. Idan ka ga −5 m/s, ba ana nufin gudun ya gaza sifiri ba ne. Ana nufin mita 5 a kowace sakan, amma zuwa baya.

Na ce sakan, ban ce daƙiƙa ba, da gangan. Wasu na kiran sakan daƙiƙa, wasu kuma, musamman waɗanda suka yi karatun Arabiyya, minti suke nufi da ita. Gara mu kauce wa ruɗani.

Mataki na biyu: matsayin ƙarshe, a ɗebe na farko

Ga misalin da za mu yi ta komawa gare shi. Ɗan kabu-kabu ya ɗauki wata mata a bakin kasuwa, titin miƙaƙƙe ne ya nufi gabas. Layinsu yana mita 400 daga inda ta hau. Amma mai ya kusa ƙare masa, sai ya ce, "Hajiya, yi haƙuri in ɗan sha mai," ya zarce har wurin ɗan bumburutu a mita 600. Zuwa can ya ɗauke shi sakan 50. Ya tsaya sakan 30 aka juye masa kwalba, sannan ya juyo ya dawo mita 200 cikin sakan 20 ya sauke ta.

Kafa turke a bakin kasuwa, gabas ce gaba. Matsayin farko 0. Matsayin ƙarshe +400. Gusawa ita ce matsayin ƙarshe a ɗebe na farko:

400 − 0 = +400 m

Nisan tafiya kuwa tara komai ake yi ba ruwanka da alama: 600 + 200 = 800 m. Babur ya sha man mita 800, Hajiya kuɗin mita 400 za ta biya, kuma idan ya nemi ƙari sai an ji kansu. Tanki nisa ya sani, fasinja gusawa ta sani.

Yanzu cire turken ka mayar da shi wurin ɗan bumburutu. Bakin kasuwa ya zama −600, layin su Hajiya ya zama −200. Gusawa: −200 − (−600) = +400 m. Amsar ba ta motsa ba. Na fi son ɗalibi ya yi wannan da hannunsa sau ɗaya, domin daga ranar ya daina tsoron cewa ya kafa turke a wurin da ba daidai ba. Matsayi na canzawa idan aka matsar da turke, gusawa ba ta canzawa.

Koma ga guga. Turke a bakin rijiya, sama ce gaba. Ka jawo shi, saura mita 3 ya fito, igiya ta sarƙe. Nisan da ya yi: 12 zuwa ƙasa, 9 zuwa sama, 21 ke nan. Gusawarsa −3 m. Daga nan ka riƙe wata hanyar duba kanka: girman gusawa ba ya taɓa wuce nisa. Suna zuwa daidai ne kawai idan abu bai juya ba. Duk ranar da lissafinka ya ba ka gusawar da ta fi nisa, akwai kuskure a sama.

Mataki na uku: raba da lokaci

Matsakaicin gudu shi ne nisa a raba da lokaci. Matsakaicin belositi shi ne gusawa a raba da lokaci. Lokacin kuwa duka ne, har da na tsayuwa. Agogo ba ya jiran ɗan bumburutu ya gama juye mai. A misalinmu 50 + 30 + 20 = 100 s.

Matsakaicin gudu = 800 ÷ 100 = 8 m/s
Matsakaicin belositi = +400 ÷ 100 = +4 m/s

Idan aka nemi na kowane zango: zuwa +600 ÷ 50 = +12 m/s, tsayuwa 0, dawowa −200 ÷ 20 = −10 m/s. Ajiye waɗannan ukun, za mu zana su nan gaba.

Kafin mu wuce, maganar awo. Direba da kilomita a awa yake magana, takardar WAEC da NECO kuwa galibi mita a sakan take so. Kilomita ɗaya mita 1000 ce, awa ɗaya sakan 3600, saboda haka daga km/h zuwa m/s raba da 3.6, idan za ka koma ka ninka da 3.6. Haddace waɗannan, suna yawan fitowa: 36 ya zama 10, 54 ya zama 15, 72 ya zama 20, 90 ya zama 25, 108 ya zama 30. A JAMB inda lokaci ke ƙure mutum, wannan haddar kaɗai na iya ceto maka minti guda.

Tarkon da ke kama masu ƙoƙari

Wata motar kaya ta tafi Aliero ɗauko albasa. A wani yanki na hanyar mai kilomita 12, da za ta je ba kaya ta yi 60 km/h. Da za ta dawo niƙi-niƙi da buhuna ta yi 40 km/h. Nawa ne matsakaicin gudunta a zuwa da dawowa?

Masu saurin ɗaga hannu 50 suke cewa. Ba haka ba ne. Zuwa ya ɗauki 12 ÷ 60, wato kashi 0.2 na awa, minti 12. Dawowa 12 ÷ 40, kashi 0.3 na awa, minti 18. Jimilla kilomita 24 cikin rabin awa, wato 48 km/h. Dalili shi ne motar ta fi daɗewa tana tafiyar hawainiya, sai ƙaramin gudun ya rinjayi babban. Ka canza tsawon hanyar zuwa duk abin da ka ga dama, 48 ɗin za ta sake fitowa. Haɗa gudu biyu a raba biyu yana aiki ne kawai idan lokacin da aka ɗauka a kowanne ɗaya ne, ko kuma idan gudun na ƙaruwa bai-ɗaya, wanda za mu zo kansa. Matsakaicin belositin motar kuwa sifiri ne, tunda ta dawo inda ta tashi, kamar gugan yarinyar nan.

Mataki na huɗu: belositin nan take

A 2009 a birnin Berlin, Usain Bolt ya yi tseren mita 100 cikin sakan 9.58. Raba, za ka sami kusan 10.4 m/s. Amma daga tsaye ya tashi, a sakan ta farko bai kai haka ba ko kusa, ke nan dole a tsakiyar tseren ya zarce wannan lambar. Matsakaici bai gaya maka abin da ke faruwa a kowane ƙiftawar ido ba. Allurar da ke gaban direba ita ke nuna gudun wannan lokacin, idan ka haɗa da fuskar da motar ta dosa ka sami belositin nan take.

Ta yaya ake lissafa shi alhali a ƙiftawa ɗaya abu bai gusa ba? Matse lokacin ake yi. Ɗauki dutsen da aka saki daga sama, ƙasa ce gaba, gusawarsa s = 5t², inda s ke nufin gusawa a mita, t kuma sakan nawa ya yi yana faɗowa. Muna son belositinsa daidai sakan ta 2, lokacin da s = 20 m.

Daga sakan 2 zuwa 3: (45 − 20) ÷ 1 = 25 m/s
Daga 2 zuwa 2.1: (22.05 − 20) ÷ 0.1 = 20.5 m/s
Daga 2 zuwa 2.01: (20.2005 − 20) ÷ 0.01 = 20.05 m/s

Ka ga inda lambobin suka dosa: 20. Wannan dabarar ta matse tazara har ta kusa ɓacewa ita ce tushen kalkulas da Newton da Leibniz suka tsara a ƙarni na 17. Wanda Allah ya kai jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ko jami'ar tarayya da ke Kalgo zai sake haɗuwa da ita a shekarar farko, da wani suna da wasu alamomi, amma ita ce dai.

Mataki na biyar: karanta giraf

Giraf zane ne mai layi biyu, na kwance na lokaci, na tsaye na abin da ake aunawa. Abin farko, duba abin da aka rubuta a layin tsaye. Na ga yara masu kai sun zubar da maki don sun ɗauki giraf ɗin belositi a matsayin na gusawa. Zanen na iya zama iri ɗaya sak, ma'anar ta sha bamban.

A giraf ɗin gusawa da lokaci, karkatar layin ita ce belositi: abin da ya hau a raba da lokacin da ya ɗauka. Zana na ɗan kabu-kabu. Daga 0 layi ya hau zuwa 600 a sakan 50, karkatarsa +12. Daga sakan 50 zuwa 80 ya kwanta ɗoɗar a kan 600, babur na tsaye. Daga 80 zuwa 100 ya gangaro zuwa 400, karkatarsa −10. Gangarowar ba ta nufin ya rage gudu, kuma ba ta nufin titin na da gangare. Juyowa ya yi. Idan layin lanƙwasasshe ne, belositi na canzawa, sai ka ɗora rula ta shafi lanƙwasar a daidai lokacin da ake tambaya, ka ja miƙaƙƙen layi, ka nemo karkatarsa. Aikin matse lokacin da muka yi ɗazu ke nan, da rula maimakon lambobi.

A giraf ɗin belositi da lokaci abu biyu ake karantawa. Karkata tana ba ka akselareshan, wato yawan canjin belositi a kowace sakan, ana auna shi da m/s². Filin da ke tsakanin zanen da layin kwance kuma shi ne gusawa. Na ɗan kabu-kabu: akwati na farko tsayinsa 12, faɗinsa 50, fili 600. Akwati na biyu yana ƙarƙashin layin kwance, −10 sau 20, wato −200. Ka haɗa da alamominsu ka sami gusawa, 400. Ka watsar da alama ka haɗa ka sami nisa, 800. Layin da ya kwanta a wannan giraf ɗin ba tsayuwa yake nufi ba, sai dai in a kan sifiri ya kwanta. Tafiya ce da gudun da ba ya canzawa.

Ga irin wadda masu jarrabawa ke ƙauna. Mota ta tashi daga tsaye, cikin sakan 10 ta kai 20 m/s, ta riƙe haka sakan 30, ta taka birki ta tsaya cikin sakan 5. Kada ka fara neman ƙa'ida, zana. Alwatika a farko, ½ × 10 × 20 = 100 m. Akwati a tsakiya, 30 × 20 = 600 m. Alwatika a ƙarshe, ½ × 5 × 20 = 50 m. Jimilla 750 m cikin sakan 45. Akselareshan na farko 20 ÷ 10 = +2 m/s², na birki −20 ÷ 5 = −4 m/s².

Mataki na shida: ƙa'idojin nan huɗu

v = u + at
s = ½(u + v)t
s = ut + ½at²
v² = u² + 2as

A nan u belositin farko ne, v na ƙarshe, a akselareshan, t lokaci, s kuma gusawa. Gusawa fa, ba nisa ba. Kuma ba sa aiki sai idan a bai canza ba a duk zangon da kake lissafawa. Tafiyar motar da ta gabata zango uku ce, wanda ya zuba ta duka a ƙa'ida ɗaya shirme zai kwaso.

Yadda nake koyar da zaɓi: jera haruffan biyar a tsaye, s, u, v, a, t. Cike abin da aka ba ka tare da alamarsa. Sa alamar tambaya a wanda ake nema. Harafi ɗaya zai rage wanda ba a ba ka ba kuma ba a tambaye ka ba. Ɗauki ƙa'idar da babu shi a ciki. Kuma ka kula da bayanan da ake ɓoyewa cikin kalmomi: "ya tashi daga tsaye" na nufin u = 0, "ya tsaya" na nufin v = 0, "aka sake shi" na nufin u = 0 tare da jan ƙasa.

Mu gwada da abin da duk mai bin hanyar Jega ya taɓa gani, garken shanu sun shigo kwalta ba sallama. Bas na tafe a 72 km/h, wato 20 m/s. Mu ɗauka direba ya ɓata sakan ɗaya kafin ƙafarsa ta kai birki, kuma birkin na rage 5 m/s a kowace sakan. A sakan ɗin farko motar ba ta rage komai ba, ta cinye mita 20. Zangon birki: u = +20, v = 0, a = −5, ana neman s, babu t. Ƙa'ida ta huɗu ke nan.

0 = 400 + 2(−5)s, saboda haka s = 40 m

Jimilla mita 60. Yanzu a ce 108 km/h yake yi, wato 30 m/s. Kafin birki mita 30, zangon birki 900 ÷ 10 = 90 m, jimilla 120. Ya ƙara rabin gudunsa kawai, filin da yake buƙata ya ninka biyu, domin u sau u ne ke cikin lissafin. Duk lokacin da na shiga motar haya na ga allura ta haura ɗari, wannan lissafin ke yi mini yawo a kai, sai in kama salati.

Jifa sama: inda alama ke nuna amfaninta

Kusa da doron ƙasa, idan aka yi watsi da turjiyar iska, duk abin da aka saki belositinsa na ƙaruwa da kusan 9.8 m/s a kowace sakan. Takardun jarrabawa kan ce a ɗauki 10, mu ma haka za mu yi. Galileo ne ya wallafa a 1638 cewa tazarar da abu mai faɗowa ke ci tana tafiya da lokaci sau kansa. Duba da lambobinmu: a sakan ta farko mita 5, a ta biyu 15, a ta uku 25, a ta huɗu 35. Raba kowanne da 5, sai ga 1, 3, 5, 7 sun jeru.

Wani ma'aikaci yana kan hasumiyar tankin ruwa, mita 15 daga ƙasa. Ya cilla ɗan dutse sama tsaye da 10 m/s, dutsen ya dawo ya wuce shi ya faɗi ƙasa. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, tambayar ita ce yaushe.

Yawancin ɗalibai gida uku suke raba ta: hawa, dawowa, faɗuwa. Za a kai ga amsa, amma hanya ce mai nisa kuma kowace kwana da ramin kuskure. Kafa turke a hannun mai jifa, sama ce gaba. Sai u = +10, a = −10, s = −15, domin ƙasa na mita 15 a bayan turke.

−15 = 10t − 5t²
t² − 2t − 3 = 0
(t − 3)(t + 1) = 0

t = 3 s. Ɗaya amsar, −1, lokaci ne kafin a yi jifar, ajiye ta gefe. Belositin da ya bugi ƙasa da shi: v = 10 − 10 × 3 = −20 m/s, alamar na cewa ƙasa ya nufa. Ƙololuwarsa: v = 0 a sakan 1, mita 5 sama da hannu. Nisan tafiyarsa 5 + 5 + 15 = 25 m, gusawarsa −15 m. Matsakaicin gudu 25 ÷ 3, kusan 8.3 m/s, matsakaicin belositi −5 m/s.

Abu biyu a nan da ake yawan tuntuɓe da su. A ƙololuwa belositi sifiri ne amma akselareshan na nan a −10. Da shi ma sifiri ne, da dutsen ya maƙale a sama ke nan. Na biyu, alamar ɗebewa a kan a ba kullum take nufin rage gudu ba. Lokacin hawa v na da +, a na da −, gudu na raguwa. Lokacin sauka dukansu −, gudu na ƙaruwa. Alamomin biyu ake kwatantawa: in sun zo ɗaya abu na ƙara gudu, in sun saɓa yana ragewa.

Fita fili

Wannan ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Ku sami tef ɗin magina ko igiyar da aka auna, da toka a gwangwani, da wayoyi shida masu agogon ƙirga sakan. A filin makaranta, da safe kafin rana ta yi zafi, ku ja miƙaƙƙen layi na mita 30, ku zuba toka a kowace mita 5. Mutum ɗaya a kowace alama riƙe da waya. Wani ya tafa hannu, duk su danna tare, mai tafiya ya tashi. Kowa ya tsayar da agogonsa idan an wuce tokarsa. Ku rubuta lokutan shida ku zana giraf. Tafiyar ƙasaita za ta ba ku kusan miƙaƙƙen layi. Wanda ya tashi da gudu daga tsaye nasa zai lanƙwashe a farko. Sannan ku sa wani ya je mita 30 ya dawo mita 10, kowa ya rubuta lokacin zuwa da na dawowa, ku ga layin ya hau ya gangaro da idonku.

Ɗigogin ba za su jeru sak ba, kuma ba laifin kowa ba ne. Tsakanin ido ya gani da yatsa ya danna akan ɓata kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan. A tafiyar sakan 20 wannan ba komai ba ne. Amma a ce zurfin busasshiyar rijiya kake aunawa da tsakuwa: sakan 2 na ba ka 5 × 4 = 20 m, sakan 2.2 na ba ka 24.2 m. Ɗan jinkirin yatsa ya ƙara wa rijiyar sama da mita 4. Shi ya sa ake maimaita awo sau da yawa a ɗauki matsakaici. Rijiyar da ake sha kuwa a bar ta, kada a ce Malamin fiziks ne ya aiko ku.

Gwada wannan kafin ka duba amsa

A Argungu, wani matuƙin kwalekwale na shirin tseren bikin kamun kifi. Mu ɗauka a ruwan da ba ya gudu yana yin 3 m/s, gulbin kuma na tafiya da 1 m/s. Ya bi ruwa mita 120, ya juyo nan take ya dawo inda ya tashi. Nemo lokacin da ya ɗauka duka, da matsakaicin gudunsa, da matsakaicin belositinsa. Sannan nemo matsakaicin belositinsa a sakan 60 na farko.

Turke a inda ya tashi, inda ruwa ya nufa ne gaba. Zuwa, ruwa na taya shi: 3 + 1 = +4 m/s, sakan 30. Dawowa, −3 + 1 = −2 m/s, sakan 60. Duka sakan 90. Matsakaicin gudu 240 ÷ 90, kusan 2.7 m/s. Matsakaicin belositi sifiri. A sakan ta 60 kuwa ya yi sakan 30 yana dawowa, ya ci mita 60, yana matsayin +60, saboda haka 60 ÷ 60 = +1 m/s, duk da cewa a wannan lokacin hancin kwalekwalen baya yake kallo. Idan 3 ka samu a matsakaicin gudu, tarkon motar albasa ne ya sake kama ka, koma ka ƙirga sakan nawa ya yi yana kokawa da ruwa.